Bashiru, Kafin Ka Isa Agadas

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Bashiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ko a cikin mota ka buɗe takardar nan, ko sai ka sauka ka huta, ina roƙon Allah shi sa ta same ka lafiya. Allah shi tsare gabanka da bayanka, shi raba ka da sharrin hanya da na ƙarfe, shi haɗa ka da mutanen kirki. Amin.

Na ba ƙanwarka Saratu ta saka maka ita cikin jaka, don ka san halina, bakina ba ya iya doguwar magana da ɗa ido da ido. Bokona kuma na yaƙi da jahilci ne, kai kuwa yanzu malamin Ingilishi ne mai takardar shaida. To, ka aje jan biro. Ubanka ne ke magana, ba ɗan aji ba.

Ranar da ka zo shago ka ce mini za ka Agadas neman aikin koyarwa, "to" kawai na ce, na ci gaba da taka keke. Na san ka fita kana zaton fushi na yi. Ba fushi ba ne, tsoro ne. Ni so na yi ka ƙara haƙuri da Gusau, tunda jiharmu sabuwa ce, makarantu na ƙaruwa, yau ko gobe za a kira ka. Amma na ga yadda ka yi ta kai takardu tun farkon damina har aka yi girbi ana ce maka ka dawo, na ga kuma yadda zaman banza ya fara cin ka. Da abokinka Aminu ya aiko cewa can ana neman mai Ingilishi, ban ga dalilin da zan tare maka hanya ba. Na yarda, innarka ma ta yarda. Sai dai akwai labarin da ya kamata in ba ka tuntuni, nauyin baki ya hana.

Kana jin abokaina suna tsokanata da Ɗan Tamanrasat, ka kuma san na taɓa zama a wancan gari na ƙasar Aljeriya kafin in auri innarka. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne yadda zaman ya kasance.

Shekarar da maigidana Malam Garba ya yaye ni daga koyon ɗinki, ya ba ni almakashi ya sa mini albarka, ji nake duk Ƙaura babu telan da ya kai ni. Na iya yankan babbar riga, na iya aikin wuya da hannu, har attajirai na yaba mini. A lokacin ne wani Mudi, mutumin Moriki mai bin fataken shanu, ya ce mini can arewa teloli sun yi ƙaranci, wanda duk ya je da hannunsa sai ya ture arziki da ƙafa. Bayan kaka na ɗaura niyya, daidai irin wanga lokaci da kai ma ka tashi.

Kakarka Inna Hajo ta ɗauko wani gwado mai kauri, saƙar ƙauye, ta ce in tafi da shi don ta ji an ce ƙasar akwai ɗari. Na karɓa don kada ranta ya ɓaci, amma muna isa Zurmi na bar shi gidan wani abokina. A ganina ƙauyanci ne saurayi kamata, tela guda, ya shiga birnin Larabawa da gwado a kafaɗa. Na ce sanyi ai na san shi, ba a Ƙaura aka haife ni ba? Ashe ban san shi ba. Da muka wuce Agadas a saman babbar mota, iskar da ke dukanmu kamar ana yanka mutum da reza. Wata safiya na ɗauki buta zan yi alwala, na tarar ruwan ya zama dutse. Kafin mu isa haƙarƙarina ya kama, numfashi sai da ƙyar. Tarin nan da kake jina da shi duk shekara idan sanyi ya shigo, can na samo shi.

Saboda haka kwat ɗin da na ɗinka maka, na sani ba irin wanda samari ke yayi ba ne, na ga yadda ka dube shi. Ka sa shi. Shafi biyu na yi masa. Bargon da innarka ta ƙulle maka kuma kada ya tsaya Jibiya ko Maraɗi da sunan ya yi nauyi. Idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai ka ɗumama kafin alwala. Wanda ke neman aiki jikinsa ne jarinsa. Ranar da aka ce ka zo a gwada ka, idan kana kwance, wani za a gwada.

Mudi ya sauke ni a garin ya wuce sabgarsa. Wani Buzu mai suna Agali, mai sayar da gawayi, shi ya gan ni yashe a tasha ina rawar ɗari, ya ɗauke ni bisa jakinsa ya kai ni gidansa. Bai san ni ba, bai san ubana ba. Matarsa Fatimata ita ta yi jinyata. Ta riƙa dafa mini madarar akuya da wani ganye mai ɗaci, tana gasa mini ƙirji da tsumma, har na miƙe.

Da na samu ƙarfi Agali ya kai ni wurin wani Balarabe mai shagon ɗinki a kasuwa. Mutumin ya dube ni, ya nuna mini tulin tsofaffin alkyabbu na ulu da mutane suka kawo gyara saboda sanyi, ya ce in fara da faci, idan ya ga hannuna sai a yi maganar gaba. Na ji kamar ya mare ni. Na sa Agali ya gaya masa ni mai aikin babbar riga ne, ban ƙetaro hamada don in yi faci ba. Balaraben ya koma kan aikinsa. Na zaga garin kaf, babu mai sa babbar riga irin tamu balle ya nemi mai yi mata aiki. Da yunwa ta koya mini hankali na koma shagon, na tarar wani yaro daga garin Tawa zaune yana facin alkyabbun da aka nuna mini. Kafin sanyi ya wuce an fara ba shi yanka. Ni kuwa ina bin Agali muna ɗaure buhunan gawayi.

Bashiru, ka sani ka tashi a tsakiyar shekarar karatu. Makarantun can, da suke kira lakwal, sun buɗe tun bayan damina, kowane aji da malaminsa. Mai yiwuwa ne ka je wurin shugaban makaranta ya ce sai baɗi. Kada wannan ya karya maka zuciya, kuma kada ka zauna jiran babban aji da allo. Aminu ya ce lokacin sanyi ne Turawa masu yawon buɗe ido ke cika garin, direbobin da ke kai su cikin hamada da maƙeran azurfa da ke sayar musu da kaya duk suna son su iya 'yan kalmomin ciniki. Idan maƙeri ya ce ka zauna bakin maƙerarsa ka koya masa yadda zai ce "nawa za ka saya", ka zauna, ka koya masa da kyau kamar ɗan sarki aka ba ka. Maƙerin nan yana da ɗa a lakwal, yana da maƙwabci, maƙwabcin ya san shugaban makaranta. A baƙon wuri ba takarda ke fara magana ba, bakin mutane ne.

Af, kafin in manta. Can malamin boko "mushe" suke ce masa. Idan ka ji yara sun bi ka suna mushe, mushe, kada ka ɗauki sanda. Girmamawa ce, daga Faransanci suka aro.

Ina cikin ɗaurin gawayin nan wani ma'aikaci ya ji an ce ni tela ne, ya kawo mini yadin ulu mai kyau ya tambaya ko na iya kwat irin na Turawa. Ban taɓa yanka kwat ba, ko kusa. Amma na gaji da zama ba a san ni da komai ba, sai na ce na iya. Na ari keke, na yanka yadin mutum bisa yadda na ga dama. Da ya zo gwadawa hannu ɗaya ya fi ɗaya, kafaɗa ta tashi kamar tozon raƙumi. Bai zage ni ba. Ya ɗauki kayansa ya zaga da su kasuwa yana nuna wa mutane. Daga ranar, ko maɓalli ba wanda ya ƙara ba ni in ɗaura. Da na ce masa ban iya ba amma na iya kaza, da na rasa aiki ɗaya ne tak. Da na yi ƙarya sai na rasa garin baki ɗaya.

Kai ma za a tambaye ka ko ka iya Faransanci, tunda shi ne harshen makarantunsu. Ka faɗi gaskiya, ka ce kana koyo. Za a tambaye ka shekara nawa ka yi kana koyarwa. Ka ce yanzu ka fito, ban da gwajin da ka yi a firamaren Sakajiki. Ranar da ɗalibi ya jefo maka kalmar da ba ka sani ba, ka ce masa za ka duba ka zo masa da ita gobe, goben kuma ka zo da ita. Yara suna yafe wa malamin da bai sani ba. Wanda ya yi musu ƙarya ne ba su mantawa.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini ciwo. Mutanen Agali al'adarsu daban da tamu. Maza ne ke rufe fuska da rawani, mata kuwa fuskarsu a buɗe, suna zama tsakar gida a sha shayi da baƙi, a yi hira, a yi dariya. Ni da na taso inda matan aure ba su fita sai da dalili, abin ya tsaya mini a rai. Maimakon in tambaya ko in kama bakina, wata rana bayan la'asar na zaunar da mutumin da ya tsince ni a tasha na shiga yi masa wa'azi. Na ce bai kamata ya bar iyalinsa haka ba, mu a ƙasarmu ba a yi. Ni da ko izu biyar ban haɗa ba a lokacin.

Agali ya bari har na gama. Ya zuba shayi ya miƙo mini, sannan ya ce da 'yar Hausarsa: "Ummaru, wadda kake cewa a ɓoye, ita ta tashe ka. Da a ɓoye take, wa zai ba ka madara ranar da ba ka iya ɗaga kai?"

Bai kore ni ba. Amma Fatimata ta ji, daga ranar kuma ba ta ƙara zama inda nake ba. Abinci sai dai a aje mini a bakin ƙofa. Gidan da ya zame mini gida na mayar da shi wurin da ba ni iya haɗa ido da kowa, har na tattara na koma kwana a rumfar kasuwa. Na bar garin ban roƙi matar nan gafara ba, har gobe kuma idan na tuna sai na yi mata addu'a.

Na kawo maka wannan ne don ka fito daga Zamfara a lokacin da sunanta ke bakin kowa. Tunda aka ƙaddamar da Shari'a, duk inda ka ce daga nan kake za a kewaye ka da tambaya, wasu da murna, wasu da tsoro, wasu don su ji bakinka kawai. Ka faɗi abin da ka gani da idonka, wanda ba ka sani ba ka ce sai malamai. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka nisanci abin da Allah ya hana ko da babu mai ganinka, don Wanda ka bari a Ƙaura Shi za ka tarar a Agadas. Amma ba a aike ka alƙalanci ba. Za ka ga ɗalibai maza da mata aji ɗaya, za ka ga abokan aiki da ba su salla, za ka ga Turawa da shigar da ba ka saba gani ba. Ka runtse idonka, ka kyautata halinka. Idan halinka ya yi kyau, su da kansu za su tambaye ka inda ka samo shi. Gidan da aka ba ka ruwa kuwa, kada ka fara da gyara musu randa.

Wanda ya cece ni a ƙarshe wani tsohon tela ne mutumin garin Gawo, ana ce masa Baba Sidi. Ya ji labarin kwat ɗin da na ɓata, ya aiko aka kira ni. Na zaci dariya zai yi mini, sai ya ce wanda ya yi ƙarfin halin yanka ulu bai iya ba, idan aka koya masa zai iya. Ya zaunar da ni kusa da shi. Idan na yi kuskure ba ya ɗaga murya, sai ya farke ɗinkin a hankali ya miƙo mini ya ce, "Sake." Wani hannun riga sai da na sake shi har na daina lissafi. A wurinsa na koyi duk abin da nake ci da ku da shi yau.

Abin kunya, ni da aka koya wa da haƙuri ban koyar da haƙuri ba. Kana tuna lokacin da kake firamare na ɗora ka a keke, ka karya mini allura, na buge maka hannu da katakon awo? Ba ka yi kuka ba. Ka sauka ka fita, ba ka kuma ƙara taɓa keken ba. Na yi ta gaya wa mutane Bashiru ba shi da hannun ɗinki, kansa na boko ne. Gaskiyar ita ce kana da hannu, ni na kore shi. Allah ya sa hakan ya zame maka alheri, amma wannan ba ya wanke ni. Ka yafe wa ubanka. Idan kuma Allah ya ba ka aji, ka ga yaro harshensa ya kasa juya wata kalma, ko dattijon direba yana ta maimaita kuskure ɗaya, ka tuna kai ma can baƙon harshe ne, kana ta karya nasu suna haƙuri da kai. Ka ce masa ya sake.

Saura guda, ita ce dalilin da ya sa na zauna rubutun nan.

Duk zaman da na yi, damina biyu, ban aika gida da ko gaisuwa ba. Ba don babu masu zuwa ba. Fatake na zuwa, direbobi na zuwa. Kullum sai in ce bari in samu abin faɗi tukuna. Me zan ce? In ce ina ɗaure gawayi? In ce ina kwana a rumfa? Na fi so ranar da za su ji ni, su ji ni da turamen atamfa. Da na fara samu wurin Baba Sidi kuma sai na ce bari ya ƙara taruwa. Ina can ina tattalin sunana, ban san abin da shiruna ke yi a gida ba.

Ranar da na dawo, tun daga tasha na ga mutane suna kallona kamar sun ga fatalwa. Wani ya riƙe mini hannu ya yi mini ta'aziyya, a nan na ji kakanka ya rasu tun sanyin bara. An nemi inda za a aika mini an rasa. Aka ce mini an daɗe da yanke ƙauna da ni, har dangi sun ce a yi mini sadaka, Inna Hajo ta hana. Aka ce duk ranar da motocin arewa suka shigo sai ta aiki wani tasha ya tambaya ko an ga wani tela dogo mai suna Ummaru.

Na tsaya a zaure da 'yar jakata. Sai ga Inna Hajo ta fito, ta tsufa fiye da shekarunta. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba ta dubi jakar ba ko sau ɗaya. Ta ce, "Ka rame. Shigo ka wanke hannu."

Sai da na ci na ƙoshi, na buɗe jaka ina fito da ɗan abin da na kawo ina ba ta haƙurin ƙarancinsa, ta ture shi gefe.

"Ummaru," ta ce, "da ka aiko ko da cewa ba ka samu komai ba, da na yi barci. Ubanka har ya cika yana tambaya ko an ji ɗuriyarka."

Ban da abin da zan ƙara a kan wannan, ɗana. Motoci na tasowa daga Maraɗi zuwa Jibiya kullum, direbobin Ƙaura da na Shinkafi kuma babu wanda bai san shagona ba. Ka rubuto idan ka sauka. Ka rubuto idan ka samu aiki. Idan ba ka samu ba, ka fi rubutowa. Ko layi biyu ne, Saratu za ta karanta wa innarka. Innarka ba za ta gaya maka ba, amma tun da aka sa ranar tafiyarka abincin kirki bai wuce mata wuya ba.

Idan kuma ka yi iyakar ƙoƙarinka, sanyi ya wuce, zafi ya shigo, abin bai yiwu ba, ka hau mota ka dawo. Kada ka tsaya jiran abin da za ka riƙo. Babu wanda zai tare ka a ƙofar gidan nan ya tambaye ka me ka kawo, wanda duk ya tambaya kuma ni zan ba shi amsa. Ba aiki muka haifa ba, kai muka haifa.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci da zafinsa. Saratu da ƙannenka na gaishe ka. Ka gaishe mini da Aminu, ka ce na ba shi amanarka, kai ma na ba ka tasa.

Allah shi buɗa maka ƙofofin da ba ka zata ba. Allah shi sa ka da farin jini wurin manya da yara, shi sa ilimin da ka ɗauko ya amfane ka ya amfani waɗanda za ka koya wa. Allah shi tsare ka daga ciwo, da mugun aboki, da kaɗaici. Na yafe maka duniya da lahira, na sa maka albarka. Allah shi kai ka lafiya, shi maido mana da kai lafiya, muna raye.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ummaru Tela,
Ƙaura Namoda.